Motar da Ta Kai Kawu Sulemanu Gida

Ranar Talata, 14 ga watan Maris 1967, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawuna, Malam Sulemanu bakanike na Malumfashi, bayan jinyar kwana tara. Ni Rahab, 'yar ƙanwarsa, nake rubuta wannan, domin ba na iya tsayawa gaban jama'a in faɗa da baki.

Kawu, abu ɗaya ka roƙa kafin ka cika: a kai ka Maska, a binne ka kusa da mahaifiyarka. Lokacin zafi ne, dole a kai ka a ranar. Motar da ke akwai kuwa ita ce tsohuwar motar majami'armu, wadda wata likitar mishan ta bari da za ta koma ƙasarsu.

Kowa ya san motar nan. Ba ta da kuloci, da kanta take canja giya, kuma ta yi tafiyar da agogon mil ɗinta ya gaji ya tsaya. Kanikawan Funtua sun ce a sayar da ita ga maƙera. Kai ka ƙi. Shekara shida kana lallaɓa ta, tana kai masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara asibiti, Kirista da Musulmi da Maguzawa, ba ka taɓa tambayar ko wane ne ba.

Idan na kawo maka abincin rana, ba ka korata. Kakan ɗiga man giyar a farin ƙyalle ka nuna mini. In ja ne garau, lafiya. In ya yi duhu yana ƙauri, ciki na cin kansa. In tana jinkirin shiga giya, kakan kwance kaskon ƙasa ka wanke rariyar da kananzir. Ka ce ba a auna wannan mai sai injin yana aiki kuma ya yi ɗumi, domin a kashe yakan nuna ya cika alhali bai cika ba. Kakan yi dariya ka ce ni kaɗai ce nake saurare har ƙarshe.

A hanyarmu ta kai ka Maska, mun wuce Funtua kaɗan, a wani ɗan hawa, sai injin ya riƙa kuka motar ba ta gaba. Maiwada direba ya rantse ya auna mai da safe kafin ya tayar, ya gan shi cike. Dattawa suka ce a kashe ta a tura, yadda ake tayar da babbar mota. Wani ya ce a zuba mata baƙin man injin. Rana ta karkata, Inna Liatu matarka tana zaune gefen gawarka ta kasa ko kuka.

Ban taɓa yin magana gaban manya maza ba. Amma ranar nan na ce, "Baba Maiwada, wannan ba a tura ta. A gangaro da ita inda ƙasa ta daidaita, a bar injin yana aiki, a sake aunawa."

Ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, ashe kina da baki?" Amma ya yi. Ƙarfen awon ya fito kusan a bushe. Na shafa ɗan abin da ke jikinsa a bakin ɗankwalina, ya fito ja, ba ƙauri. Ashe bututun mai ne ya saki yana yoyo. Maiwada ya ɗaure shi, na nuna masa gwangwanin jan mai da kake ajiyewa ƙarƙashin kujera. Da ya zuba ya sa giya, muka ji ta kama.

Kafin faɗuwar rana ka kwanta kusa da mahaifiyarka. Mutane suna cewa ni na gyara motar. A'a, Kawu. Kai ka ajiye man, kai ka ajiye maganar.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya ba ka hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Inna Liatu da 'ya'yanka, Bitrus da Ladidi, da dukan dangi na Maska da Malumfashi. Ɗankwalin yana cikin akwatina, ban wanke shi ba. Amin.