Usta Janat Mir, Mai Auna Hannun Mata da Yumɓu

Duk wanda ya taɓa bi ta layin maƙera a Kohat da sassafe ya san abin da zai gani. Usta Janat Mir, gwanin gyaran bindiga, zai buɗe shagonsa, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya ɗora butar koren shayi a wuta. Daga nan sai ya tsallaka wurin maginin tanderu ya karɓo curin yumɓu, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya tura ƙarƙashin tebur. Sannan ya zauna ya fara goge bindigogin da aka kawo gyara, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa jarirai wanka. Shekara arba'in da shida yana haka. Ranar Juma'ar da ta wuce ya rufe shagon, don idonsa ya daina ganin ƙananan kusoshi. Ni Bakht Zamina na ce wallahi ba zai koma gida shiru ba, sai na faɗa wa jama'a abin da ya yi mini.

Shekara uku ke nan da 'yan fashi suka tare maigidana Darwesh Gul a hanyar kasuwa, yana kai gwaba, suka kashe shi. Ba a kama su ba har yau. Allah Ya jiƙansa. Ya bar mini 'ya'ya mata biyu, Palwasha da Spogmai, da gonar gwaba mai bishiya tamanin. Daga gidanmu zuwa gonar tafiyar rabin awa ce ta cikin busasshen rafi, inda ko ihu ka yi babu mai ji.

Ina fita takaba yayana Khushal ya zo.

"Ki tattara kayanki ki dawo gida. Gonar a sayar."

"Yaya, da hannunsa ya dasa bishiyoyin nan."

"Da hannunsa ya dasa, da bindiga a ƙugu kuma yake zuwa. Ke da me za ki je? Da ludayi?"

Na shiga ɗaki na ɗauko bindigar marigayi, irin manyan nan da samansu ke zamewa baya. Na kafa gwangwani a gindin katanga, na rufe ido na danna. Ta shure ni kamar jaki, ƙarfen sama ya yage mini fatar hannu, harsashin kuwa ya bar gwangwanin ya je ya fasa randa. Kaji suka watse. Yaya Khushal ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Randa ta riga mu gidan gaskiya! To ji nan, ƙanwata. Na ba ki daga yau zuwa nunar gwaba, wata huɗu. In kin samu bindiga mai lasisi wadda za ki iya ɗauka, kika kuma bugi gwangwanin nan daga taku goma, na bar ki da gidanki da gonarki. In ba haka ba, da kaina zan ɗaure miki kaya."

Ungozomar ƙauyenmu, Inna Zar Bibi, ita ta kai ni wurin Usta. Shekara ashirin tana yawon karɓar haihuwa a ƙauyukan kan dutse da 'yar bindigar da ya zaɓa mata, kuma ko ni da ta karɓi haihuwata biyu ban taɓa sanin tana ɗauke da ita ba.

A bayan shagon akwai labule, a nan matarsa Gul Sanga take zama in mata sun zo. Kowa ya san ba a zaɓar bindiga sai an san hannun da zai riƙe ta, kuma kowa ya san namiji ba ya taɓa hannun matar da ba muharramarsa ba. Sauran masu shago sai su yi kirdado, su miƙa wa mace abin da mijinta ko yayanta ya nuna. Shi kuwa Usta guntun itace yake naɗewa da yumɓu, da ɗan tsinke a daidai inda kunamar bindiga take. Gul Sanga ta miƙo miki, ki riƙe, ta mayar masa. A jikin yumɓun yake karanta komai.

Na riƙe. Aka kai masa. Ya daɗe yana juya shi a hasken ƙofa. Yatsuna sun huda yumɓun har sun taɓa itace, ga shatin farce guda huɗu.

Ya ce, "'Yata, wuyan wa kika shaƙe haka?"

Na ce, "Baba, ka ba ni mafi girma da kake da ita. Wadda in ta samu mutum ba ya tashi."

"Yau ba ni da bindigar da ta yi daidai da wannan hannun."

"Shagon nan cike yake fa!"

"Cike yake, amma duk na masu son komawa gida ne da yamma. Ki cika takardar neman lasisi yau, don tana ɗaukar lokaci. Bayan kwana arba'in ki dawo ki sake riƙewa."

Kwana arba'in daga cikin wata huɗu! Na fita ina huci. Na kira shi tsoho mai taurin kai, a kunnen matarsa kuma. Wani mai shago ya ji ni ya ɗago wata mai ƙyalli da zane a jiki, yana cewa, "Zo nan, 'yar uwa, ni ba na tambaya!" Inna Zar Bibi ta ja ni ta mayafi ta ce, "Wuce, ke da randa ɗaya ba ta ishe ki ba?"

Gaskiya ya faɗa, ko da yake a lokacin ban yarda ba. Ba gona nake tunani ba, fuskokin mutanen da ban taɓa gani ba nake tunani. Ina cikin wannan hali, wata rana ina yi wa Spogmai kitso, tana 'yar shekara shida, sai ta ce, "Inna, in kika harbe su, ke ma za a tafi da ke? Wa zai zauna da mu?" Ashe tana jin duk abin da nake faɗa. Na ajiye mataji na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Rana ta arba'in na koma. Na riƙe yumɓun, aka kai masa. Sai na ji ya tafa hannu.

"Yauwa! Gul Sanga, zuba shayi, yau muna da aiki!"

Jama'a, ku zo ku ga gwani! Ya ce yatsuna gajeru ne, wuyan hannuna siriri, amma tafin akwai ƙarfi saboda kwaɓin gurasa. Ya ce irin ta marigayi ba tawa ba ce, tana son hannu biyu kafin ta shirya, zare da ƙura kuma suna iya maƙale mata. Libarba ta dace da ni, mai gidan harsasai da ke juyawa, mai ɗan gajeren baki, wadda ba ta da abin tunawa da yawa. Washegari ya kai mu busasshen rafin bayan gari, shi da matarsa da Inna Zar Bibi, ya shimfiɗa guda uku a kan tsumma. Na gwada mai cin harsashi lamba talatin da takwas, babbar cikinsu. Harsashin farko ya bugi ƙasa, na biyu ya tafi sama.

"Wancan ya tafi gaida tsuntsaye," in ji shi.

Na ce, "Amma Baba, maza duk cewa suke babban harsashi shi ne harsashi."

"Maza kuma duk cewa suke sun taɓa kashe damisa. Ƙaramin da ya je inda kika aike shi ya fi babban da ya bi iska."

Lamba ashirin da biyu ba ta shuri ko kaɗan, na ce ita nake so. Ya girgiza kai, ya ce ta yi sanyi ga mace ita kaɗai a rafi. Da na ɗauki lamba talatin da biyu sai na ji ta zauna a hannuna kamar an haife mu tare. Na danna, gwangwani ya yi tsalle! Inna Zar Bibi ta rangaɗa guɗa. Ni da na manta yadda ake dariya, sai ga ni ina tsalle kamar yarinya.

Na ɗauka an gama. Ina! Ya cire harsasan, ya duba sau biyu, ya ce in sa ta a ƙarƙashin mayafina in zaro da sauri. Na zaro. Ƙugiyar baya, wadda ake ja da babban yatsa, ta kama zaren ɗinkin mayafin, bindigar ta tsaya tana reto a ƙirjina kamar kifi a fatsa. Gul Sanga ta riƙe ciki don dariya.

Ya ce, "Kin gani? Wannan maza ba su san shi ba, don ba su taɓa yafa mayafi ba. Ni ma ita ta koya mini." Ya nuna matarsa da haɓa.

Ta ce, "Shekara goma ina faɗa kafin ka ji, tsoho."

Ya samo mini wadda ƙugiyarta ke rufe a ciki, sumul, babu abin da zai kama. Ya zauna kwana uku yana kankare katakon mariƙin da wuƙa, yumɓuna a gabansa, har shatin ya zo ɗaya. Gul Sanga ta ɗinka mini kuben fata mai rufe kunama, a jikin faffaɗar ɗamara da nake ɗaurawa cikin riga. Ta ce ban da jaka, don jaka ɓarawo ke fara fizga. Ya haɗa mini da akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda yara. Duk da haka bai bar ni na tafi da ita gida ba sai ranar da lasisi ya fito. Duk Alhamis da hantsi muna rafi, har gwaba ta fara rawaya.

Ranar alkawari Yaya Khushal ya ƙirga taku goma da kansa, dogayen taku kuwa, na mugunta. Na zaro daga ƙarƙashin mayafi, bai ma ga daga inda ta fito ba. Harsashi shida, biyar a jikin gwangwani.

Ya ɗaga gwangwanin yana leƙa hujojin. "Na shidan fa?"

Na ce, "Na aike shi ya yi wa randa ta'aziyya."

Ya yi dariya, sai kuma ya goge ido da gefen rawaninsa. Ya ce, "Zauna a gidanki, ƙanwata. Ki aiko mini da kwandon farko."

Bara da rana tsaka wani mutum ya tsaya a gabana a cikin rafin nan, ya ƙi matsawa. Na sa hannu cikin mayafi, na ce, "Ɗan uwa, hanyar nan tana da faɗi." Ya dubi hannuna, ya dubi idona, ya raɓa ya wuce. Har yau ban san abin da ya nufa ba. Amma na san hannuna na ranar farko ba zai jira ya sani ba.

Usta Janat Mir, kai ne mai shagon da ya kori mai saye don ya cece ta. Kai ne ka ga abin da ke zuciyata a jikin laka, ba tare da ka ɗaga ido ka dube ni ba. Na zage ka, ka sa aka zuba mini shayi.

Ranar da ya rufe shagon, mu mata fiye da talatin ne muka taru a bayan labule, da ungozomomi da malaman makaranta da gwauraye irina. Ashe bai taɓa jefar da yumɓun kowa ba, duk suna jere a kan kanta sun bushe, kowanne da alamarsa. Gul Sanga ta riƙa miƙa wa kowacce nata. Ni biyu ta ba ni.

Baba, na gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba idonka lafiya, Ya bar ka da Gul Sanga. Ku kuma masu shago da kuka rage a layin, maginin tanderu yana nan tsallaken hanya, yumɓu bai ƙare ba. Ku duba hannu kafin ku ɗora masa ƙarfe.

Yumɓun nan biyu suna kan tagar ɗakina. Jiya Spogmai ta ɗauki na farkon ta sa yatsunta a ramukan, ta ce, "Inna, wannan hannun wa ne?"

Na ce, "Na wata mata ce da ta kusa barin ku. Ajiye shi, ɗauko kwando, gwaba ta nuna."