Yasmin ɗin Inna da Ruwan Alwala

Mun tashi da asuba daga Zinder, ni da ƙanwata, muka nufi Takieta. Labari ya zo mana cewa wanda ya sayi gidan iyayenmu zai shafe tsakar gidan da siminti, kuma a nan yasmin ɗin marigayiya Inna yake, furen nan da ganyensa ba ya kaɗewa ko da rani. Na rantse sai na yanko reshe na dasa a gidana kafin a tumɓuke shi.

Motar tasha muka shiga, irin wadda sai direba ya fito ya buɗe maka ƙofa ta waje. Kuɗin mota ya hau, kujera kuwa ta ƙara matsewa. A Tirmini jandarma suka tsai da mu, masu ƙosai suka yi mana caa. Ƙanwata da ta ce ba ta jin yunwa ita ta cinye rabona. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, ni dai hankalina na can gaba.

Matar sabon mai gidan ta karɓe mu hannu biyu, har da fura mai sanyi. Amma da na shiga tsakar gidan sai na tarar ba yadda na san shi ba. An sare dogon yaron da ke yi wa wurin inuwa, randunan Inna babu su, yasmin ya bushe rabi. Na tsinki fure ɗaya na shinshina, wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Inna takan zuba shi cikin akwatin kayanmu, mu tafi lakwal, wato makaranta, muna ƙamshi.

Muna cikin yankan reshe sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu, aminiyar Inna, tana dogara sanda. Bayan mun gaisa ta tambayi yadda gidana yake. Na gaya mata gaskiya: unguwarmu kan dutse take, rana tana dukan tsakar gidan tun safe, pampo sai ya ga dama yake kawo ruwa, da bido, wato jarka, muke saye. Ta ce ita ma ta sha dasa yasmin ɗin bai kama ba, Inna kuma ba ta taɓa ɗaukar guga ta ba shi ruwa ba. A gindinsa duk gidan ke alwala, daga Baba har auta, da baƙin da ba sa yankewa.

"Ke ku nawa ne a gidanki, 'yar nan?"

"Ni kaɗai ce, Iya. Yaran suna Yamai."

Sai ta ja ni bayan ɗakinta ta tono mini ɗan dashen lalle. Ta ce shi ba ruwansa da rana ko tsakuwa, in ya kama ƙasa ruwa kaɗan ya ishe shi, furensa kuma da ƙamshi. Yasmin kuwa inuwa yake so da danshi, a ba wadda gidanta ke cike.

Na so in yi gardama, don ni ce babba, ni na shirya tafiyar. Amma gidan ƙanwata akwai inuwar mangwaro, ga yara kamar an zazzage buhu. A mota muna dawowa na ɗora mata rassan a cinya, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, na juya fuska waje. Ba ta tsokane ni ba, abin da ba ta saba ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa shuka ba ta duba yawan son da kake mata, wurin da ka ajiye ta take dubawa. Mun iso Zinder bayan la'asar. Na haƙa rami jikin katanga na dasa lallen, na ɗauko buta da 'yar kujerata daga ƙofar ɗaki na kai gindinsa. Nan na yi alwalar magariba ni kaɗai, ruwan ko gama jiƙa ramin bai yi ba.