Bu Kustiyah, Malamar Ƙauyen da Teku Ke Ci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, tara ga watan Janairu, Allah Ya karɓi ran Bu Kustiyah, tsohuwar malamar firamare ta ƙauyenmu Banyuasri da ke gaɓar arewacin tsibirin Jawa. A wurinmu Bu ake kiran mace don girmamawa, namiji kuma Pak. Ta rasu a asibiti cikin birni bayan gajeriyar jinya. Likita ya ce zazzaɓin nan ne da ake ɗauka a ruwan ambaliya, ya shiga ta wani ɗan yanka a tafin ƙafarta. Ni Sulikah, mai sayar da busasshen kifi, ita ta koya mini karatu ina yarinya, ita kuma ta sake zaunar da ni a aji bayan na yi jika.

Bu Kus, kin san ƙauyen nan tun yana da gonakin shinkafa. A gabanki gishiri ya kashe gonakin, muka mai da su tafkunan kifi, teku ya zo ya haɗiye tafkunan. Muka koma cike ɗakunanmu da ƙasa shekara bayan shekara, har babba ba ya shiga ƙofarsa sai ya sunkuya. Kowa ya ɗauka masifar tamu ce mu kaɗai.

Ke ce kika gano ba haka ba ne. Bayan kin yi ritaya kika shiga wani darasi ta intanet kan garuruwan da ke nutsewa. A can kika haɗu da mutanen Bangladesh da Biyetnam da Filifin masu irin kukanmu. Da aka kammala darasin ba ki bari an watse ba. Kika ce manoma da masunta ne ya kamata su zauna su koyi wannan abu da bakin juna. Tun daga nan, duk Asabar bayan la'asar, za a gan ki kin tattare zani, kin ɗora kwamfuta a ka, kina ratsa ruwa zuwa barandar masallaci, don nan ne kaɗai ba ya jiƙewa.

Ranar farko Pak Darmaji, wanda ya fi kowa asarar tafkuna, ya tsaya daga nesa ya ce, "Bu Kus, yanzu mutumin wata ƙasa ne zai kwashe mini ruwan ɗaki ta cikin wannan akwatin?"

Kika ce, "A'a, Pak Dar, shi ma ɗakinsa a cike yake. Zo ka zauna, in ba ka ƙaru da komai ba ko jaje kun yi wa juna."

Ya zauna, daga baya ma shi ne mai shimfiɗa tabarma.

Ɗaliban jami'a ne ke mana tafinta, wani lokaci kuma na'ura, ta yi ta kwaɓa mana magana muna dariya. Duk da haka mun fahimci juna. Wata mata 'yar Bangladesh mai suna Rokeya ta nuna mana yadda suke shuka a kan ruwa. Muka ɗaure jarkoki da gora muka gwada, na farko ya kife, na biyu gishiri ya ƙone shi. Ba ki bari mun haƙura ba, kika sa muka nuna wa Rokeya gawar shukar, ta duba ta ce mun sa ƙasa da yawa. Muka rage ƙasar, na uku ya kama, barkonon da na ci da shinkafa jiya ma daga wannan lambun ya fito. Mu kuma Pak Darmaji ya koya musu shingen gora da ke tare laka har itatuwan bakau, masu tsirowa a ruwan gishiri suna kare gaɓa, su kama. Ranar da wani dattijo daga Biyetnam ya nuno nasa shingen ya tara laka, na ga Pak Darmaji ya juya baya yana share ido.

Amma ba ki taɓa yi mana daɗin baki ba, kuma wannan ne ke hana ni sukuni yanzu. Kin sa kowane gari ya kafa sanda ya riƙa auna ruwa, aka haɗa abin da aka samu. Sai ga shi ba teku kaɗai ke hawa ba, ƙasar ma sauka take yi, saboda ruwan da birane da masana'antu ke zuƙewa daga ƙarƙashinmu. Labarin ɗaya ne a duk ƙasashen huɗu. Na ce, "To Bu, amfanin shingen namu fa?"

Kika ce, "Lokaci yake saya mana, Sul. Ban san ko nawa ba. Amma gara a tashi da sani da a nutse ana jiran gobe."

Kin kai wannan magana ofis-ofis, aka ba ki shayi, aka yi miki godiya. Kika dawo kika ci gaba da aji.

Asabar ɗin ƙarshe da kika zo, kina ɗingishi. Na ce ki zauna a gida, kika ce Aling Remedios, wadda guguwa ta rushe wa gida a Filifin, ta yi alkawarin shigowa daga makarantar da aka tsugunar da su, ba za ki bari ta buɗe waya ta tarar ba kya nan ba. Kuka gaisa, kika sa ta dariya. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ke.

Mun ɗauka kusa da kabarin mijinki za a sa ki. Maƙabartarmu sai ruwa ya janye ake ganin kaburbura, kuma samari har sun fara ɗauko ƙasa a buhuna da kwale-kwale don ɗaga wurin. Sai ɗanki Wahyudi ya ce kin bar wasiyya a kai ki tudu, garin da ƙanwarki take. Ya ce kin ce kada jikokinki su zo ziyara su rasa inda za su tsaya. Ke da kika ƙi barin gidanki duk da roƙon 'ya'yanki, ke da kika dasa bakau da hannunki. Muka kai ki can, mota ta dawo da mu. Kowa ya gane abin da kika faɗa mana. Tun daren addu'ar bakwai gidaje da dama suka fara tambayar inda za a samu fili a tudu, ni ma a cikin gidana an fara.

Asabar ɗin da ta biyo baya mun buɗe kwamfutar. Duk sun shigo, Rokeya ta yi miki addu'a irin tamu, sauran suka yi irin tasu. Bayan nan kowa ya tsaya jiran wanda zai fara. Can Pak Darmaji ya gyara murya ya ce, "A cikinku akwai garin da ya riga ya tashi? Ku faɗa mana yadda ake yi ba a warwatse ba." Aling Remedios ta ɗaga hannu. Abin da muke karanta ke nan yanzu, Bu, kuma darasi ne mai ɗaci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilmin da kika bari ya riƙa isa gare ki. Ina miƙa ta'aziyya ga Wahyudi da 'yar'uwarsa Lastri, da jikoki, da ƙanwarki Bu Marfuah, da ɗalibanki na nan da na ƙetare. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Mu da muka rage, Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri tsakanin zama da tashi, kuma duk inda Ya kai mu, kada Ya raba mu. Amin.