Dubiyar da aka zo mini ba tare da zazzaɓi ba

Shekarun baya, ina tsakiyar karatun likitanci, na dawo gida Illela da akwatina da niyya guda a raina: ba zan koma ba. Ban faɗa wa kowa ba. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya wucewa, in na buɗe littafi sai in zura wa shafi ɗaya ido har a kira salla. Ranar da wata mara lafiya ta rasu a gabanmu muna zagayen asibiti, ban ji komai ba, ko ɗigon tausayi. Wannan ne ya tsorata ni.

To a unguwarmu tun ina aji ɗaya aka naɗa ni Likita, ni da ko allura ban iya ba! Da an ji na sauka mata za su cika tsakar gidanmu. Wannan ciwon ƙafa, waccan hawan jini, wata ma kwalin magani za ta kawo daga Konni ta Nijar in karanta mata Faransanci, kamar an ce mata duk boko ɗaya ne. Wannan karon ma washegari suka fara sallama, ni kuwa ina dunƙule a ɗaki.

Sai na ji mahaifiyata a ƙofa tana cewa, "Yau babu likita gidanga. Ɗiyata ba ta da lahiya."

"Subhanallahi! Mi as same ta?" in ji maƙwabciyarmu.

"Abin da Allah ya kawo. Ku dai taho dubiya."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ni ba zazzaɓi, ba ciwon kai, kuma ban gaya wa Inna komai ba. Kallona kawai ta yi.

Suka kuwa zo. Matan nan da suka saba kawo mini cutarsu suka dinga shigowa da fura da kunu, su ce sannu, su zauna, ba mai neman komai a wurina. Wata tsohuwa da ke fama da gwiwa ta tako da sanda tun daga ƙarshen layi, ta zauna tana yi mini fifita. Na juya fuskata bango na yi kukan da na daɗe ban iya yi ba.

Saura mahaifina. Shi nake tsoro, don babu wanda bai gaya wa 'yarsa likita ce ba, tun daga 'yan albasa abokan kasuwancinsa har 'yan canji. Da ya dawo daga tafiya ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Ya jiki?"

Kowa ya san amsar, ko mutum na gargara "da sauƙi" zai ce. Ni dai bakina ya ƙi.

"Baba, babu sauƙi. Na gaji. Ban san ko zan iya komawa ba."

Nan take na fara nadama. Can ya ce, "To ki zamna har a samu sauƙin. Likitoci suna da yawa duniya. Ni ɗiyata nika so."

Da kansa ya kai ni Sakkwato wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya zauna a bencin jira ana ta gaishe shi, bai ɓoye wa kowa abin da ya kawo mu ba. Na huta, na sha magani, na koma makaranta bayan 'yan ajinmu sun wuce ni. Ban mutu ba don an wuce ni.

Har yau abin yana ba ni mamaki, wallahi. Ina tsammanin rigar likita suke so a jikina, ashe ko babu ita ina da wurin zama a cikinsu. Yanzu ni ke zagayen asibiti da ɗalibai, kuma in na tambayi ɗaya ya jiki, ya ce da sauƙi idonsa a ƙasa, ba na wucewa. Kujera nake jawowa in zauna.