Ranar da Taubashina Ya Ɓare Anza

A unguwarmu ta Tawa akwai wani gidan abinci da ba shi da allo a ƙofa, ba shi da suna. In za ka je, sai ka ce za ka wurin Hajiya, kowa ya gane. Zaure ne da rumfar kara a bayansa, da bencuna, da randa a lungu wadda ruwanta ya fi na firji daɗi. A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta cikin gari, iyalina kuwa suna Barmu, sai ƙarshen mako nake ganinsu. Saboda haka wurin Hajiya ne gidana na rana, har na fi sanin hannunta a miya fiye da na matata.

Hajiya mutuniyar Takanamat ce, kuma dokarta ɗaya: abin da lokaci ya kawo shi take dafawa. Da kaka sabon wake ne da miyar kabewa da soyayyar fara. Da sanyi, in lambuna sun yi, salati da tumatir da albasa har ka ture. Da bazara a koma wa kuka da busasshiyar kuɓewa, kowa ya ci yana tsaki. Da damina kuwa kwaɗon tafasa da na zogale, da man shanun da makiyaya ke kawo mata daga arewa. In baƙo ya tambayi abin da ba lokacinsa ba, sai ta ce masa, "Allah bai kawo ba tukuna," ta ci gaba da tuƙinta. Ranar da sabon abu ya fara shigowa kuma ba ta zuba wa kowa a kwanonsa. Babban faranti guda take cikawa, duk wanda ke nan ya matso a ci tare.

Ni na kai taubashina wurin da ƙafata, kuma wannan na cikin abin da ya fi ƙona mini rai. Ɗan kawuna ne, tare muka tashi a Barmu. Ya tafi biɗa Abijan kamar sauran samarin ƙasarmu ta Adar, ya daɗe, ya dawo da tumbi da mota, ya buɗe shagon kayan gyaran mota. Da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, tun muna yara bawa yake kirana, ni kuma in ce masa ubangijina. Mun zagi juna iya zagi, ba wanda ya taɓa ɗauka a zuci. Haka wasan taubasai yake, kuma ni ma ba kanwar lasa ba ne a ciki.

Wata rana da sanyi, rumfar ta cika, ina suɗe man salati da guntun burodi, sai ya nuna ni da cokali.

"Ku bar shi ya suɗe," in ji shi. "Wanga bawa nawa da anza anka rene shi. Uwa tai, gwaggota, ita ta sarauniyar anza ta Barmu. Shekarar yunwa in ka hangi mace tana bin itace guda-guda awa akuya, ita ta. Mu gidanmu ko warinta ba mu sani ba."

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai ji nauyin maganar ba. Anza ɗan wani itacen daji ne, ƙwayarsa kamar wake, ɗacinta kuwa ya fi na maɗaci. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana canja ruwa kafin ta ciwu. Abincin ranar da rumbu ya ƙare ce, kuma mutanenmu sun fi son a ce sun kwana da yunwa da a ce sun ci ta. Inna kuwa, wadda ya kwatanta da akuya, ko shekara ba ta yi a kabari ba.

Aka kwashe da dariya. Wani tsohon direba da ke cin abinci da mu kullum ya yi ta dariya har ya ƙware. Hajiya kaɗai na ga ba ta dara ba. Ni kuwa na yi dariya, don ba ni da zaɓi. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin kunya, a ce bai san zumunci ba. Na buɗe haƙora kawai. Daga ranar sunan ya bi ni. In na shigo sai a ce ga ɗan anza, har mahaucin bakin layi ya ɗauka.

Abin da ya hana ni barci shi ne na san ƙarya ya yi. A shekarar nan da hatsi bai yi ba, rumbun kawu ma wayam yake. Amma kawu mutum ne mai suna a gari, sai ya bar rumbun a liƙe da laka don a zaci akwai abu a ciki. Inna ce ke jiƙa anza ninki biyu, ta rufe ƙwarya da mayafi, ta bi ta bayan darni ta kai gidan wanta. Da hannunta ta ciyar da mu, ni da shi, a ƙwarya ɗaya. Ita ta koya mana kada mu kuskura mu cika baki sai mun ɓare ƙwaya guda da farce, mun ɗora a kan harshe, mun ji ko ɗacin ya fita. Kuma ta hana ni faɗa wa kowa. "Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba," haka take cewa.

Da na faɗi wannan a rumfar, musu zai yi, a ce malam ya ji haushi ya ƙago labari. Ba bakina nake so mutanen nan su ji ba. So nake su ji daga bakinsa, a daidai bencin da ya zauna ya ci mutuncinta.

Na bari sai da kowa ya watse wata rana, na sami Hajiya tana wanke tukunya.

"Hajiya, kina dahwa anza?"

"In lokacinta ya yi."

"Tun da nike zuwa ban taɓa gani ba."

"Ba wanda ya taɓa tambaya. Kowa kunya ya ka ji."

"To ni na tambaya."

Ta ɗago ta dube ni da kyau. "Malam, ni ba ni dahwa abinci don faɗa. Amma ni ma anza ta tashe ni, ba ni ƙin ta. In ta nuna, kawo."

Anza ba ta nuna sai bazara ta yi nisa, gab da faɗuwar ruwa. Ban taɓa jin tsawon watanni kamar na shekarar ba. Salati ya ƙare, aka shiga kuka, zafi ya sauko, ni kuwa ina nan kusa da taubashina kullum, muna ci muna raha. Duk ranar da ya ce ɗan anza sai in amsa da fara'a, in adana ta a inda na adana ta jiya. In na je Barmu ƙarshen mako sai in fita bayan gari in duba itatuwan, kamar manomi na duba gero. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na ce iska nake sha. Ban gaya mata ba, don na san za ta ce in bar wa Allah, ni kuwa a lokacin ban shirya bar wa kowa ba.

Da ta nuna, da kaina na tsinko, na cika ɗan buhu, na ɗauro a bayan moto, babur ɗina, har Tawa. Hajiya ta ɓare, ta jiƙa, tana zubar da ruwan safe da maraice. Na gaya mata yadda Inna ke yi: ɗan ruwan toka a jiƙon farko, in an dafa a tsane, a kwaɗa da ƙuli da barkono da gabu, busasshen ganyen albasan nan namu. Hajiya ta ƙara da man shanu, abin da Inna ba ta taɓa samun halin sa wa ba. Da na ɗanɗana sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Ranar da za a ci, na bi ta shagonsa da kaina.

"Ubangijina, yau akwai sabon abu wurin Hajiya. Kar ka bari bayi su cinye."

Ya zo. Tsohon direba yana nan, mahaucin ma ya shigo, da duk waɗanda suka yi dariya ranar nan, ban da mutum ɗaya ko biyu. Hajiya ta dire farantin, aka wanke hannu aka matso. Wani ma'aikacin banki, wanda a birni ya tashi, ya ce wannan wace irin gujiya ce, ya cika hannu ya kai baki. Ni kuwa na danne hannuna na dama a ƙarƙashin cinya, don na san abin da zai yi in na sake shi.

Taubashina yana tsakiyar ba da labarin wata mota da ta ƙi gyaruwa. Bai ma dubi farantin sosai ba. Ya miƙa hannu yana magana, ya ɗauki ƙwaya guda, ya ɓare ta da farcen babban yatsa, ya ɗora a kan harshe, ya ɗan dakata. Sannan ya cika hannu. Na bar shi ya tauna, na bar shi ya haɗiye.

"Ubangijina," na ce, ina murmushi, "mi ka yi yanzu?"

"Mi na yi?"

"Ka ɓare guda ka aza ga halshe. Wa ya koya maka?"

Ya dubi farantin, a lokacin ya gane abin da yake ci.

"Gani na yi kuna yi," in ji shi.

"Wa ya yi? Wanga na banki cika hannu ɗai ya yi. Ni ko taɓawa ban yi ba."

Tsohon direba ya goge baki, ya ce a hankali, "Wanda bai ci anza cikin yunwa ba bai san wanga ba. Ni ma tsohuwata haka ta koya min."

Daga nan na saki baki. Ban ɗaga murya ba, ban ɓata fuska ba, cikin raha na yi komai, yadda ya yi mini. Na ba su labarin rumbun da aka liƙe da laka ba ko zangarniya a ciki. Na ba su labarin akuyar da ke bi ta bayan darni da ƙwarya a cikin mayafi. Na gaya musu yadda ubangijina mai mota ke riƙe mata zane yana kukan ƙari, da yadda yake lashe ƙwarya har sai an ƙwace. Aka yi dariya, amma ba irin ta ranar nan ba. Shi ma ya yi, don dokar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi. Na gane dariyar sarai, irin wadda na yi ce da sanyi, kuma wallahi ganinta a fuskarsa ya yi mini daɗi.

"To faɗi," na ce. "Wa ya cishe ka shekarar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggo ta."

"Ɗaga murya, ba su jiya ba."

"Gwaggo ta cishe mu," ya ce, a wannan karon kowa ya ji. "Allah ya jiƙan ta."

Aka amsa da amin. Hajiya ta ce daga bakin murhu, "Ya isa, malam. Abinci na hucewa."

Ya ɗan ƙara zama don kada a ce gudu ya yi, sannan ya wanke hannu ya ce shago ba kowa. Na jawo gefen farantin da ya bari na cinye tas. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa cin abinci mai daɗin na ranar ba, kuma na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Sunan ya mutu daga ranar. Mahaucin ya koma ce mini malam. Hajiya ta shigar da anza cikin abincin farkon damina, mutane na ci ba kunya, wasu har su faɗi wanda ya fara dafa musu. Taubashina dai bai sake taka rumfar ba. Wata rana tana zuba mini miya, Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Abin da tsohuwarka ta ruhe har ta mutu, kai ka buɗe shi bisa farantina."

"Ta ruhe don ta kare su," na ce, "ba don su zage ta ba."

Ta miƙo mini kwanon, ni kuwa ban janye ba. Har yau ban janye ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Sai bayan kaka muka haɗu da taubashina, a wani taron suna a Barmu. Na hango shi zaune a tabarma cikin dangi. A raina magana ta wuce, an yi ɗaya da ɗaya, sai a koma inda aka tsaya. Na ƙarasa ina dariya, na ce tumbin nan nasa ya kusa neman tabarmarsa daban.

Ya miƙe tsaye. Ya ba ni hannu biyu.

"Ina kwana, malam? Ina iyali? Ina gajiyar hanya?"

Ya matsa ya ba ni wurinsa. Tun da muka buɗe ido a duniya bai taɓa gaishe ni ba, sai ranar. Na tsaya ina jiran zagin ya biyo baya, bai biyo ba. Na ce lafiya lau, na zauna. Ya tambaye ni yadda hatsi ya yi a gonarmu, na gaya masa, na tambaye shi kasuwa, ya ce alhamdu lillahi. Aka kawo goro, ya miƙo mini in fara ɗauka.