Malama Halvorsen, Ki Sauke Hannunki

A safiyar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, shugaban makarantarmu ya shigo ajinmu ana tsakiyar darasin lissafi, ya tsaya a bakin allo, ya ce Allah ya yi wa Malama Doreen Halvorsen rasuwa. Ta fita bayan gida za ta zuba wa tsuntsaye hatsi kamar yadda ta saba, zuciyarta ta tsaya. Mijinta, Malam Arvid, shi ya same ta. Shekarunta sittin da uku, kuma fiye da rabinsu ta yi su ne tana koyar da wasan kwaikwayo a wannan makaranta.

Sunana Brynn Fedoruk, ina aji tara. Bana na shigo makarantar. Akwai waɗanda suka fi ni saninki nesa ba kusa ba, Malama, kuma sun fi ni iya magana. Amma da aka ce duk mai son rubuta wani abu a jaridar makaranta ya kawo, sai na ga idan ban rubuta ba, babu inda zan kai abin da ke raina.

Ni ba 'yar ajinki ba ce. Ke manya kike koyarwa, 'yan aji sha biyu da suka zaɓi wasan kwaikwayo a matsayin babban darasinsu. Yayata Shayla tana cikinsu. Da yake ita ke tuƙa mu gida, kullum bayan an tashi nakan zauna a ƙasa a bakin ƙofar zauren taro ina jiran su gama gwajin wasa. Ba na shiga. Ko a aji ba na ɗaga hannu, ko da na san amsa.

Wata rana a farkon hunturu kika buɗe ƙofar, kika dube ni, kika ce, "Ke ce ƙaramar Fedoruk ko? Tunda ba a biyanki kuɗin gadin ƙofar nan, taso ki yi mana aiki a ciki."

Wasan da suke shiryawa su suka rubuta shi da kansu, kuma shi ne jarrabawarsu ta ƙarshe. Wata malama za ta zo daga birnin Saskatoon ta kalla ta ba su maki, makin da Yaya Shayla take bukata don samun gurbi a jami'a. Labarin wasu iyali ne da suka sayar da gonarsu suna haɗa kaya za su koma birni. Karensu ya ɓata, kowa ya sani, amma ba wanda yake son ambatonsa. Akwai 'yar auta da take kan dandamali tun daga farko har ƙarshe ba ta cewa uffan. Sai a ƙarshe, uban ya tambaya ko an manta da wani abu, ita kuma ta ce, "Na bar wa kare ruwa a bakin ƙofa, ko zai dawo." Daga nan sai a kashe fitilu. Kika ce ni ce 'yar autar. Na yarda ne don na ji an ce kusan duk aikin shiru ne, kuma shiru na iya shi.

Duk wanda ya bi ta hannunki ya san kujerarki. Layin ƙarshe, can kusurwar hagu, jikin tsohuwar na'urar ɗumama ɗaki mai ƙugi kamar tarakta. Kika ce nan ne wurin da ya fi ko'ina wahalar jin magana, kuma wanda ya zauna a nan ma kallo ya zo. Ba ki yarda a sa makirufo a wasanninki. Kina da wata jar safar hannu da kika saƙa da kanki. Idan ba ki ji abin da ɗan wasa ya faɗa ba, ba kya katse shi. Sai dai ki ɗaga hannu da jar safar, ki bar shi a sama har sai maganar ta iso gare ki.

Hunturun nan kaf, duk lokacin da na buɗe baki, safar tana sama. Har ya zama abin dariya. Dallas, wanda yake fitowa a matsayin uban, ya ce, "Malama, ki nemo sanda ki tokare hannun nan, kar ya bushe a sama."

Kika ce, "Kai dai ji da kanka, sarkin ihu. Muryarka har filin wasan hoki ana jin ta, amma har yau ban gane me kake cewa ba."

Aka yi dariya, aka manta da ni. Daga baya na gane da gangan kika yi.

Ba ki taɓa ce mini in ɗaga murya ba, alhali tun ina firamare abin da kowa yake ce mini ke nan. Wata ranar Alhamis, bayan sauran sun fita ɗaukar rigunansu, kika ce in je in zauna a kujerarki. Ke kuma kika hau dandamali a hankali, saboda gwiwarki da take damunki. Kika tsaya inda nake tsayawa, kika dube ni, kika faɗi maganata. Ba ki yi ihu ba, kusan ma da muryar hira kika faɗe ta. Amma na ji kowace kalma, duk da ƙugin na'urar a kunnena.

Da kika sauko kika ce, "Kin gani? Ke jama'a kike tsoro, shi ya sa kike gaya wa takalminki. Manta da jama'a. Ja numfashi daga ciki, ki zaɓi mutum ɗaya a can baya, ki gaya masa don kina so ya sani." Sai kika ciro burodin kirfa daga jakarki kika raba biyu, kika ba ni babban rabin. Yaya Shayla ta ce haka kike yi wa duk wanda kika lura bai ci abincin rana ba, kuma ba kya tambayar dalili.

A gwajinmu na ƙarshe da ke, na gwada yadda kika ce. Safar ta ɗan yi ƙasa, ta tsaya a daidai kafaɗarki. Kika ce, "Na ji 'ruwa'. Na ji 'ƙofa'. Sauran ki kawo mini mako mai zuwa." Wannan ce maganarki ta ƙarshe da ni.

Bayan jana'iza ajin wasan ya taru. An ce ba za a ɗage jarrabawar ba. Dallas ya ce ko dai a sa mini makirufo, ko a ba wani babba maganar, don idan malamar Saskatoon ba ta ji ta ba, wasan ya tashi babu ƙarshe. Ba mugunta ya yi ba, gaskiya ya faɗa. A mota muna komawa gida Yaya Shayla ta ce, "Ƙanwata, ki gaya mini tsakaninki da Allah. In ba za ki iya ba, ba zan ji haushi ba." Na san za ta ji. Shekara huɗu tana jiran ranar nan. Na ce mata zan iya, ba tare da makirufo ba. Ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Aka yi wasan ranar Juma'ar ƙarshe ta watan. Zauren ya cika. Na zauna a kan akwati a gefen dandamali ina shiruna, ban yarda na dubi kowa ba. Da Dallas ya tambaya ko an manta da wani abu, na miƙe na ɗaga kai. Akwai mutum a kujerarki. Malam Arvid ne, da rigarsa ta zuwa coci. Ya cusa babban hannunsa a cikin jar safar, ko rabi ba ta rufe ba, ya ɗaga shi sama.

Na ja numfashi daga ciki. Na gaya masa na bar wa kare ruwa a bakin ƙofa, ko zai dawo.

Kafin a kashe fitilu na ga hannun ya sauko har kan cinyarsa.

Da aka tashi ya same ni a bayan labule. Ya ce kullum a wajen cin abincin dare kina ba shi labarin yarinyar ruwan kare, kina cewa saura ƙiris. Ya ce, "Kunnena ɗaya ya mutu, 'yata, ga kuma wannan la'ananniyar na'ura. Amma na ji ki." Ya dafa kaina ya tafi.

Makin bai fito ba tukuna. Yaya Shayla ta ce ko me ya fito, an ji ƙarshen wasan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Arvid, da 'ya'yanku Lorne da Kirsten, da jikokinku, da 'yan aji sha biyu, da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandamalin nan yana kallon jar safa a sama. Allah ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Allah ya jiƙanki, Malama. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da alheri a kan kowace murya da kika jira har ta iso. Allah ya haskaka makwancinki. Sauran maganar da kika ce in kawo miki, na kawo. Ki sauke hannunki, ki huta.