Inda Ramin Dorina Ya Tsaya

Ana idar da sallar asuba muka bar Luggere, mu uku, a motar wani abokin aikina wadda ta girmi yawancin ɗaliban da muke koyarwa. Mama Rifkatu ce ta aiko in same ta a gonarta ta bakin Binuwai. Ita ta yi mana girki a makarantar kwana shekara da shekaru, da ta yi ritaya ta koma noman rani a gonar da mijinta ya rasu ya bari. Ba ta faɗi dalilin kiran ba, kuma wanda ya ci tuwon mutum tsawon wannan lokaci ba ya tambayar dalili.

A gidan mai, farashin lita ya tuna mana matsayin malamin makaranta. Muka karya a hanyar Yola da kunun gyaɗa da ƙosai, ƙosan da ya rame har sai da direbanmu ya sa tabarau kafin ya gan shi. Bayan Mbamoi muka yi sallama da kwalta, muka bi turbar shanu, motar tana kuka muna ba ta haƙuri.

Da hantsi muka gangara fadama. Shinkafa ta yi kore shar, injinan ban-ruwa na ta tari. Tsakanin gonakin da kogi kuwa ga wani dogon rami sabo, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Wani manomi da ya raka mu ya ce aikin gwamnati ne. Da, in dorina ta dami gari, maharbi ake kira. Yanzu an hana kisa, an ware kuɗi a haƙa rami, tunda dorina duk girmanta ba ta iya tsallake. Na yaba. Ban taɓa ganin dabarar da ta bar dabba da ranta ta kuma bar manomi da hatsinsa ba.

Muka bi gefen ramin muna ta sa albarka, har ya ƙare. Inda ya ƙare, nan gonar Mama Rifkatu ta fara.

Ba gona muka tarar ba, fili ne. An aske shinkafar har ƙasa kamar aikin wanzami mai sauri, abin da baki ya bari ƙafa ta tattake. Sawu ko'ina, kowane ɗaya ya kai bakin akushi. Tana zaune a ƙarƙashin rumfar kara, kusa da ita wata tsohuwar garwa da sanda.

Sannu a hankali na fahimci abin da ya faru. Kuɗin ramin na masu gona ne, ita kuwa tata aro ce. Jauron ƙauyen ne ya ara wa mijinta tun suna da ƙuruciya. Masu awo suka zo iyakarta suka naɗe igiyarsu. Dorina kuma hanya ɗaya take bi in za ta kiwo, kaka da kakanni. Da ta tarar an datse, sai ta bi bakin ramin kamar yadda muka bi, ta shiga ta ƙofar da ta rage. Ba wannan kaɗai ba. Kafin rami, manoman fadamar karɓa-karɓa suke yin gadi, a hura wuta a kaɗa garwa har gari ya waye. Da kowa ya sami rami, kowa ya koma gida ya kwanta. Aka bar tsohuwa da garwa ɗaya.

Na fara tsara jawabin da zan yi a ofis, sai ta katse ni.

"Malam, bar shi. Ba laifin dorina ba ne, hanyan shi aka rufe. Ni na kira ka ne ka raka ni wurin jauro. Da shaida aka ba maigida gonan nan, da shaida zan mayar."

Muka tafi. Ta ɗauki goro da kwano ɗaya na shinkafar bara, irin abin da take kai masa duk girbi. Jauro dattijo ne, ya daɗe yana kallon kwanon bai taɓa ba.

"Inna, ki bari mu ga baɗi. Wataƙila a ƙara ramin."

"Ranka ya daɗe, baɗi ma dorina zai ji yunwa. Ni kuma hannuna ya gaji."

Ya juyo gare ni ya ce na shaida? Na ce na shaida. Na sha tsayawa shaidar aure da ta ciniki, ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi a baki haka ba.

Mun komo mu huɗu. Za ta zauna wurin 'yarta a Nassarawo, a ɗaki ɗaya da jikoki. A hanya masu kifin banda suka taso mana, ta taya mana ciniki har mai kifi ya roƙe ta ta yi shiru, muka yi dariya kaɗan. Da muka sauke ta, ta ce mu gaida yara.

La'asar sakaliya na isa gida. Har yanzu ina ganin ramin nan alheri ne, kuma ba na son a harbe dorina ko ɗaya. Sai dai tafiyar ta koya mini cewa ɓarnar da aka kora ba mutuwa take yi ba, ƙofar wani take nema, kuma ta fi gane ƙofar wanda ba shi da komai sai aro. A da, mutanen fadamar nan da tsoro ɗaya suke kwana, shi ya sa suke jin garwar juna. Yanzu sun sami barci, sun yi rashin maƙwabciya, kuma ban ga alamar sun lura ba tukuna.